Ranar da Yaya ya faɗi sunan ɗan farinsa

Shekara shida ke nan a wannan watan da aka kai Yaya Mahamman makwancinsa. Ni ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma duk shekara in lokacin ya zagayo sai direbobin tashar Jado su aiko mini da gaisuwa, kamar ni ce na yi musu wani abin kirki. Bana na ce bari in zauna in rubuta, domin samarin da ke hawa motocin nan yanzu ba su san shi ba sai a labari, "tsohon nan mai magana a tasha". Wasu ma sun ɗauka da bakin nan nasa aka haife shi. Ba haka ba ne. Na san shi tun lokacin da ba ya iya haɗa kalma biyu a gaban mutanen unguwarmu ba tare da gumi ya jiƙa masa riga ba.

Abin dariyar shi ne, magana ce sana'arsa. Gid ne, mai yi wa annasaru masu yawon buɗe ido jagora, a zamanin da suke cika Agadas in sanyi ya shigo. Yana da wani shuɗin rawani da yake ajiyewa a ƙasan adaka, ba ya naɗa shi sai in za shi wajen baƙi. Da ya naɗa shi, ya ja amawali ya rufe baki, sai wani mutum dabam ya fito. Faransanci ya riƙa zuba ke nan ba tuntuɓe, ya hau da su hasumiyar babban masallaci, ya sauko da su cikin lungunan tsohon gari, yana ba su labarin wai a tanti aka haife shi can bayan duwatsun Abzin, wai raƙumi ne ya fara koya masa haƙuri. Mutumin da cibiyarsa ke binne a bayan madafar innarmu! Raƙumi kuwa, in ban da na hoto, tsoronsa yake ji.

Ubanmu, Malam Idi, magini ne. Shi yake yi wa rabin gidajen unguwarmu yaɓe in damina ta wuce, kuma zanen da ke bakin zaurenmu hannunsa ne. Wata rana ina dawowa daga lakwal, don malamar makaranta ce ni, sai na iske Yaya ya tsaida baƙinsa a ƙofar gidanmu, yana nuna musu zanen, yana ce musu aikin kakanni ne waɗanda sunayensu suka ɓace tun fil azal. Baba kuwa yana zaune a cikin zauren yana shan shayi, bai san an mai da shi kakan da ya shuɗe ba, don ba ya jin Faransanci. Ni ina ji. Da yamma na tare shi na ce, "Yaya, yaushe Baba ya rasu ba a gaya mana ba?" Ya yi dariyar yaƙe ya ce, "Hadiza, abin da suka zo saye ke nan, mi kike so in yi?"

Amma a tsakanin mutanenmu, kurma ne. In ana ɗaurin aure ko suna a gidanmu, sai ya raɗa wa sanƙira abin da yake so a faɗa, shi ya koma bayan sahu. Ina tsokanarsa da cewa bakinsa biyu, ya ba baƙi mai kyan, ya bar mana mai ciwon. Daga baya na gane dalilin. A gaban baƙi ba wanda ya san ko shi ɗan wane ne, yana iya zama duk wanda ya ga dama. A Hausa kuwa kowa ya san shi, kuma shi a ganinsa ɗan magini da ya ci abinci da ƙarya ba shi da abin da zai faɗa wa mutane su saurara.

Ɗan farinsa shi ne Haruna. Ba sai na yi wa mai karatu bayanin kunyar ɗan fari ba, amma Yaya ya kai ta inda ko tsofaffi ba su kai ta ba. Ana yaye yaron aka kawo mini shi, da yake Allah bai ba ni haihuwa ba, ni na goya shi, ni na sa shi lakwal, ni na sha fama da ƙiriniyarsa. Yaya bai taɓa kiran sunansa ba. "Ɗan wajenki" yake cewa. In yaron ya shigo zaure, sai ya ɗauke kai ya shiga duban rufi kamar yau ya fara ganin azara. In wani ya yabi yaron a gabansa, sai ya tashi ya bar wurin. Na san yana sonsa, don in yaron ya yi zazzaɓi, sai in ga ledar magani a rataye a ƙofata ba a san wanda ya kawo ba.

Sai baƙi suka daina zuwa. Kowa a garin nan ya san yadda aka yi, ba zan maimaita ba. Maƙera suka zauna da azurfarsu, masu motocin kat-kat na ratsa hamada suka nemi wata hanya, Yaya kuwa ya zauna a zaure. Ya je garin Cirozerin neman ko da gadi ne a wajen masu haƙar gawayi, aka ce shekarunsa sun ja. Cikin waɗannan shekarun Baba ya rasu, matar Yaya, Rabi, ta bi baya. Ya daina zuwa kasuwa, ya daina zama majalisa, masallaci ma sai ya bari an tayar da salla ya shiga sahun ƙarshe. Wata rana na kai masa tuwo, ya ce mini, "Hadiza, waɗanda ke jin maganata sun tahi da ita." Raina ya ɓaci, don namiji ne da sauran ƙarfinsa, ya zauna yana makokin rawani. Haruna ne ya ɗauki gidan. Ya bar karatu ya shiga karen mota a hanyar Jado, inda zinariya ta ja samarin ƙasar nan kaf.

Ranar da abin ya faru, ayarin da su Haruna suka bi ya isa Dirku, aka bugo waya aka ce duk sun iso ban da motarsu. Ta tsaya gyara a cikin hamadar Tenere, direban ya ce wa sauran su wuce zai cim musu. Wuni ya wuce, wani ya bi shi, shiru. Wanda ya san hanyar nan ya san lissafin ɗaya ne: ruwan da ke cikin bidodi, wato jarkokin da aka ɗaura a jikin mota, da yawan bakunan da ke sha.

Na saka hijabina na tafi tasha. Direbobi suna da wata al'ada da na tsana har yau: ba sa cewa mota ta ɓata, gani suke faɗar haka jawo mugun abu ne. "Tana tafe" suke cewa. Shugaban sandikarsu, wato ƙungiyar direbobi, a lokacin, Alhaji Bilal, dattijo ne mai mutunci, ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini ruwa, ya saurare ni har na gama. Sannan ya ce, "Madam, ki kwantar da hankalinki, tana tahe. Hankalin mata shina saurin tashi. Ai da abin ya kai haka, da mun ga uban yaron." A nan ne kuskuren yake, kuma kuskure ne irin namu. Su sun ga uban bai zo ba, sun ɗauka ya sami wani labari mai daɗi ta wata hanya. Shi kuma yana zaure, yana ganin bai kamata a gan shi yana rawar jiki a kan ɗan fari ba. Kowa yana kiyaye mutunci, ruwa kuma yana raguwa a bido.

Na koma gida na juye masa abin da Alhaji ya ce. Ya shiga ɗaki, na ji ƙarar adaka. Da ya fito da shuɗin rawanin nan a kansa, gabana ya faɗi, amma na bi shi. Ya tsaya a tsakiyar tasha, ya ɗaga hannu irin yadda yake yi a gindin hasumiya, ya fara. Ya ce Tenere teku ce ta rairayi. Ya kawo labarin ayarin gishiri na zamanin da, yana yi yana sirka Faransanci, muryar nan tana hawa tana sauka. Can ƙarshe ya ce akwai "wani yaro na gidanmu" a cikin wata mota da ta yi jinkiri. Yana yi wa mutanen da ke ratsa Tenere duk mako bayanin Tenere! Wani matashin direba ya ce daga bayan mota, yana kwaikwayon yadda annasaru ke kiransa, "Mushe gid, annasaru sun tahi, sai ka jira sanyi." Aka kwashe da dariya. Ba mugunta ba ce, sun ɗauka tsohon gid ne kewar aiki ta dame shi.

A hanyar komawa ban lallashe shi ba, kuma har gobe ban yi nadama ba. Na ce, "Yaya, ka gaya musu rairayi, ka gaya musu gishiri, ba ka gaya musu ko ɗan wane ne ba. In kunya ce za ta kashe mini yaro, wallahi ba zan yafe maka ba." Da muka isa gida ya kwance rawanin ya ajiye a kan dakali, ya zauna yana kallonsa.

Washegari da safe, lokacin da tasha ta fi cika, ya fito da tsohuwar rigarsa ta zaman gida da hular Baba, wadda har yanzu akwai tabon laka a gefenta. Ya hau bencin mai shayi. Ina tsaye kusa. Ya yi sallama, muryar ta maƙale, ya sake. Ba muryar gid ba ce, wata siririya ce mai kaushi da ni kaina na manta yana da ita.

Ya ce, "Ni ne Mahamman ɗan Malam Idi magini. Kun san ni, kun san irin ƙaryar da na ci abinci da ita. Jiya na zo na yi muku irinta, ku gafarce ni. Ban san Tenere ba, ku kuka san ta. Abin da na sani ɗaya ne. Yaron da ke cikin motar nan ɗana ne. Ɗan farina ne." Sannan ya ce, "Sunansa Haruna."

Tashar ta yi tsit, har wanda ke ɗaure kaya ya saki igiya. Dattawa suka sunkuyar da kai, don sun san abin da ya fito daga bakin mutumin nan da kuma abin da ya ci masa kafin ya fito. Ya ce, "Haruna. Tun da aka haife shi ban kira shi ba. Motar nan ba tahe take ba, ta ɓata, ni ubansa na faɗa. Ku taimake ni ku tahi ku kawo mini shi, in ci gaba da jin kunyarsa."

Alhaji Bilal ya cire tabaransa ya goge da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya juya ya ce a cika bidodi. Matashin da ya yi masa ba'a jiya shi ya fara jawo tasa motar. Wannan ya kawo man gazuwal, wancan ya kawo taya, mai shayi ya ɗaure buhun burodi ya jefa a baya. Kafin azahar motoci sun fita. Sun same su nesa da sawun ayari, don direban ya so yanke hanya motar ta sake mutuwa. Sun kai ga shan ruwan injin. Haruna yana da rai, leɓunansa sun tsage, ba ya iya tsayuwa. Amma wani saurayi daga cikin fasinjoji ya riga ya cika, kuma da aka tambaya ba wanda ya san sunansa, sai dai an ce daga kudu ya zo. A can suka binne shi.

Mutane sun ɗauka in yaro ya dawo Yaya zai koma zaurensa. Bai koma ba. Saurayin nan da aka binne ba suna ya tsaya masa a rai, yana cewa da an fita tun ranar da na fara zuwa, da wataƙila an same shi da rai. Duk ranar da ayari zai tashi sai ya je tasha ya hau bencin nan. Maganarsa gajera ce, ba ado: in mota ta tsaya, wata ta tsaya da ita, kada a bar sawu don saurin isa. Sannan ya bi samarin ɗaya bayan ɗaya, kowa ya faɗi sunansa da na garinsu da ƙarfi, a ji. In ya faɗi abin da ba daidai ba game da hanya, direbobi su gyara masa a gaban kowa, ya ce na gode, ya maimaita yadda suka ce. Mutumin da a da gyara ɗaya daga baƙo ke hana shi cin abinci.

Abin da na fi tunawa shi ne iyaye maza da ke zuwa wajensa in mota ta yi jinkiri. Su ja shi gefe, su ce don Allah ya yi musu magana, shi ya iya. Ba ya yarda. Sai ya ce, "Kai za ka faɗa. Ni ina nan kusa da kai." Ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da mutum har sunan ya fito. Na ga manyan mutane masu gemu suna kuka a kan bencin nan, kuma ban ga wanda aka raina don haka ba. A shekarunsa na ƙarshe har yara ƴan lakwal nake tura masa ya zaga da su tsohon gari, da Hausa. In sun zo ƙofar gidanmu sai ya ɗora tafinsa a kan zanen ya ce, "Wannan hannun ubana ne, Malam Idi, ni na riƙa miƙa masa laka." Ciwon ƙirji ne ya ɗauke shi, bai daɗe yana jinya ba.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Yanzu kowa na da waya, kowa na magana, har ta yi yawa. In mota ta yi shiru sai hoton yaro ya shiga yawo daga waya zuwa waya, a rubuta addu'a a ƙasa, a tura gaba. Ban raina addu'a ba, amma ban taɓa ganin hoton da ya cika bido ba. Na tabbata da Yaya yana nan zai ce a tura hoton, sannan a tashi a je tasha da ƙafa, a tsaya a gaban mutanen da ke da mota, a bari su ga fuskar mai nema. Zai ji haushi in ya ji har yanzu ana cewa "tana tafe", kamar yadda nake ji. Baƙinsa kuwa ba su dawo ba, kuma ba na jin zai tambaye su. Shuɗin rawanin yana wajena, da shi nake yi wa kajina inuwa in rana ta take.

Bai bar gida ba, bai bar mota ba, ko hoton kirki nasa ba mu da shi sai waɗanda baƙi suka ɗauka, kuma a cikinsu duk fuskarsa a rufe take. Abin da ya bari shi ne bencin nan da abin da ake yi a kansa. A watan da ya wuce wata mota ta yi jinkiri. Aka ce wani dattijo ya zo ya tsaya a gefen tasha tun safe yana jan carbi, ya kasa matsowa. Haruna, wanda yanzu direba ne da tasa motar, shi ya je ya kama hannunsa ya kai shi gaban mutane ya ce, "Baba, kai za ka faɗa. Ina nan kusa da kai." Dattijon ya faɗa, aka fita, aka same su. Muddin ana haka, ba zan ce Yaya ya tafi duka ba, kuma muddin ina da baki ba zan bari a daina ba.

Saura abu ɗaya, wanda ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau da iznin mai shi. Ranar da aka kawo Haruna gidan likita daga Tenere, Yaya ya zo, ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba. Ya dube ni ya ce, "Ɗan wajenki ya sha ruwa?" Na ce ya sha. Ya juya ya tafi. Haka suka ci gaba har ya rasu. Duk Agadas ta ji shi ya kira sunan, ban da mai sunan.

Shi ya sa duk shekara in watan nan ya kama, Haruna yakan zo gidana bayan la'asar, ya zauna a bakin tabarma kamar lokacin da yake yaro, ya yi ta kewaye-kewaye da zancen mota da tsadar gazuwal. Ni kuma in ƙyale shi, don na san abin da ya kawo shi. Jiya ma ya zo. Can ya ce, "Gwaggo, yaya ma ya ce?" Na miƙe tsaye, na ƙanƙance murya, na sa mata kaushin nan, na ce, "Ɗan farina ne. Sunansa Haruna."

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Gwaggo, sake."

Na sake.